Albarushi na ragewa bai ƙone ba a ribolbata, ina matsalar take?

Sabon_Hannu_TX:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman taimakon waɗanda suka jima a harkar ɗura harsashi da kansu a nan Amurka. Ban daɗe da farawa ba, tsadar harsashin kanti ce ta koro ni, na sayi ƙaramin injin nan mai hannu ɗaya na kamfanin Lee da sikeli da littafin Lyman mai ba da adadin albarushin da ake zubawa. Bindigar ribolba ce .357 mai gajeren bututu amma kwanson .38 Special nake ɗurawa, kan harsashi mai nauyin giren 125 (giren shi ne ma'aunin nauyin kan harsashi da albarushi), albarushi kuma mai suna Unique. Na tsaya a kan adadin da littafi ya ce a fara da shi, ban ƙara ko ƙwaya ba don tsoro. Matsalar ita ce in na yi harbi sai in ga ƙwayoyin albarushi a barbaje kan tebur, wasu a bayan hannuna, kalarsu ta koma ruwan ɗorawa ba baƙi-baƙi ba kamar yadda suke a gwangwani. Cikin bututun ma akwai su. Daga baya silindar, wato gangar nan mai juyawa da ake jera harsashi a ciki, ta fara ƙin rufuwa sai na danna da ƙarfi. Albarushin ne ya lalace ko me?

Baba_Columbus:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai daina danna silindar da ƙarfi. Buɗe ta, ka tura sandar fitar da kwanso, ka leƙa ƙarƙashin tauraron nan da ke turo kwanson waje. Na tabbata za ka samu ƙwaya ɗaya ko biyu sun maƙale a wurin, su ne suka hana tauraron komawa mazauninsa. Tsohon buroshin haƙori ya isa. Kuma nan gaba in za ka zubar da kwanso ka ɗaga bakin bindigar sama tsaye ka buga sandar sau ɗaya, dattin sai ya bi kwanson ya faɗi ƙasa, bai samu damar shiga ƙarƙashin tauraro ba.
Sai tambaya: kwanson da ka harba, gefensa akwai baƙin hayaƙi?

Sabon_Hannu_TX:
Baba akwai kuwa, gefe ɗaya ya yi baƙi ƙirin tun daga baki har kusan tsakiya. Na ɗauka haka abin yake

Baba_Columbus:
To ka ba kanka amsa. Matsi ne bai kai ba. In matsi ya kai, tagullar kwanson tana buɗewa ta manne da bangon ɗakin harsashi, hayaƙi ba ya samun hanyar dawowa baya. In ka ga baƙi a gefe to kwanson bai buɗe ba. Albarushin zamani marar hayaƙi yana son matsi kafin ya ci wuta da kyau, matsin na hawa yana ƙara saurin ƙonewa. Kai kuma ka haɗa abu uku wuri guda: adadi mafi ƙanƙanta, kan harsashi marar nauyi da ke saurin ficewa, ga kwanso mai faɗin ciki. Ba lalacewa ya yi ba.

DanKurmi_Kano:
Ikon Allah. Wato ku a can mutum yana zaune a garejinsa yana haɗa harsashi kamar mai ɗinki, har yana ƙorafin wai bai ƙone ba. Nan ka gwada ka gani, kwanso ɗaya aka gani a aljihunka sai dai 'yan uwa su fara kai maka abinci

Zongo_Bronx:
DanKurmi ba duk Amurka ba fa. Mu nan New York kafin ka riƙe fistol sai ka yi lasisi, kuma ba wasa ba ne samunsa a cikin birni. 'Yan Texas ne ke shan sha'aninsu

Injiniya_Sadiq:
Bari in ƙara a kan maganar Baba da lambobi don a gane. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ma'aunin harsasai a Amurka tun 1926, ta sa iyakar matsin .38 Special a psi 17,000 (psi ma'aunin matsi ne). Na .357 Magnum kuma 35,000, haka 9mm ma 35,000, .45 ACP 21,000. Ka ga tun asali .38 ɗin harsashi ne mai ƙarancin matsi, sannan kai kana can ƙasan ma'aunin nasa. Kuma harsashi ne na 1898, an ƙera shi lokacin baƙin albarushi wanda ke cika kwanso taf, shi ya sa cikinsa ke da girma. Albarushin yanzu ɗan kaɗan ne ke kwanciya a ciki, sauran duk iska. Har inda garin ya kwanta yana da tasiri, in ka nuna bindiga ƙasa kafin harbi garin ya gangara gaba ya yi nesa da firaima, wato 'yar hular gindin kwanso da ke kunna wutar, in ka ɗaga ta sama ya dawo baya. Mai na'urar auna gudun harsashi zai ga bambanci tsakanin biyun.

Maman_Ilham_AZ:
Ni dai a ganina gajeren bututun ne. Tawa ƙaramar inci biyu ce kuma ko harsashin kanti na sa sai ta bar gari a kan tebur, ta maigida mai inci shida ba ta yin haka sosai. Harsashin ya riga ya fita kafin wuta ta gama cin garin

Injiniya_Sadiq:
Hajiya da gaskiyarki ta wani ɓangaren amma ba bututun ne tushe ba. Matsi yana kaiwa ƙololuwa tun harsashi bai yi nisa da kwanso ba, daga nan sauka yake yi. Ƙwayar da ba ta kama da kyau a lokacin ba, in matsi ya faɗi tana iya mutuwa a hanya ko bututun dogo ne. Dogon bututu ya fi ba da gudu ya kuma rage walƙiyar baki, wannan haka ne.

Maman_Ilham_AZ:
To Injiniya ni abin da idona ya gani na faɗa, harsashi ɗaya, kwali ɗaya, bindiga biyu. Lissafinku daban teburina daban

Baba_Columbus:
Ku duka biyun kuna kan hanya. Amma shi yaron nan ba zai iya ƙara wa bututunsa tsawo ba, don haka a yi maganar abin da ke hannunsa.

Garba_Dallas:
Malam ƙara albarushin kawai, shikenan. Ni ma haka ta faru da ni ina ƙarawa ya wanke

Sabon_Hannu_TX:
Yaya Garba kamar giren nawa zan kai shi?

Baba_Columbus:
A'a. Kar wanda ya rubuta masa lamba a nan, kuma ko an rubuta kar ka ɗauka. Garba bai san kan harsashinka ba, bai san zurfin da ka dasa shi ba, bai san firaimarka ba. Lambar tana cikin littafin da ka saya, akwai ta farawa akwai ta ƙarshe, sannan ka duba shafin kamfanin da ya yi albarushin ka gwada da ta littafin, su biyun su yarda da juna. Ana hawa ne kaɗan-kaɗan, ka ɗura 'yan ƙalilan a kowane mataki, ka rubuta a jikin leda, ka je ka harba daga na ƙasa zuwa sama kana duba kwanso. Inda baƙin gefen ya ragu kuma harbin ya taru wuri ɗaya, nan ne wurin zamanka. Lambar ƙarshe ba wurin zuwa ba ce, katanga ce. Kuma ka tabbata layin .38 Special kake karantawa, ba na .357 da ke shafin gaba ba, don bindigarka ta .357 ce sai ido ya ruɗe.

Garba_Dallas:
Baba ai abin da nake nufi kenan, a cikin littafi. Ban ce ya zuba da ludayi ba

Mai_Sikeli:
Ba wanda ya tambaye shi matse baki. Sabon_Hannu ya kake matse bakin kwanson bayan ka dasa kan? Ribolba tana son matsewar da ke naɗe bakin kwanso ya shiga cikin ɗan kwarin da ke jikin kan harsashi. In ba ka matse ba ko ka yi sako-sako, ƙarfin firaima kaɗai na iya tura kan gaba kafin garin ya kama sosai, ɗaki ya ƙara faɗi, matsi ya faɗi, sai ka ga gari a hannunka. Wani abin kuma sabbin shiga suna buɗe bakin kwanso fiye da kima don kan ya zauna da sauƙi, to riƙon da tagulla ke yi wa kan ya tafi, kuma matse baki ba ya dawo da shi. Gwaji mai sauƙi: ɗauki wanda ka gama, auna tsawonsa, danna kan a gefen tebur da babban yatsa, sake aunawa. In ya shige ciki to riƙo babu.

Sabon_Hannu_TX:
Na ɗan matse ne kawai don buɗin bakin ya koma. Kan nawa irin mai rufin jan ƙarfe siriri ne, babu kwarin da kake faɗa a jikinsa

Mai_Sikeli:
Yauwa, to irin wannan a hankali ake bi da shi, in ka naɗe da ƙarfi sai ka yanke rufin. Matsewa 'yar daidai. In kana son ka yi matsewa ta gaske nemi kan da ke da kwari, na dalma zalla ko mai rigar jan ƙarfe mai kauri, kuma gara mai giren 158. Mai nauyi ya fi jinkirin tashi, yana ba garin lokaci ya tara matsi. Amma in ka sauya nauyi lambobin albarushi sun sauya gaba ɗaya, mai nauyi ƙasa yake ci ba sama ba, sai ka koma littafi daga farko.
Masu 9mm da .45 kar ku kwafi wannan fa, naku bakin kwanso ne ke tokare harsashi a ɗaki, ba a naɗe shi, daidaita shi kawai ake yi.

Damagaram227:
Ni tambaya gare ni ko da ba ta shafi ribolba ba. 'Yan bindigar sarki da ke harbi a hawan sallah, hayaƙi ya turnuƙe ko'ina, nasu albarushin ɗaya ne da wannan? Don su ban taɓa jin sun yi kukan bai ƙone ba

Injiniya_Sadiq:
Ba ɗaya ba ne sam. Na bindigar toka baƙin albarushi ne, shi ko a fili ka kunna masa wuta fuu yake tashi, kuma ya fi barin datti nesa ba kusa ba, kusan rabinsa toka da hayaƙi yake komawa. Na zamani sinadarin naitiroselulos ne, ƙarfinsa ya ninka wancan. Kuma tunda ka tayar da maganar, duk wanda ya zuba na zamani a bindigar ɗure irin ta toka to ya haɗa wa fuskarsa bam, ƙarfenta ba zai ɗauka ba. Ko a nan masu bindigar ɗure ana ta yi musu wannan gargaɗin.

DanKurmi_Kano:
Mu dai harba-ka-ruga muka sani, in ta tashi alhamdulillahi in ta ƙi a juya a riƙe ta kamar gora

Admin_Lawal:
Jama'a a koma kan tambaya. Sannan tunatarwa tunda akwai 'yan gida da ɗalibai a zauren nan. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta yarda mutum ya riƙe bindiga ko harsashi ba sai da lasisi, balle haɗawa, wannan hira ta waɗanda doka ta ba su dama ce a inda suke. A Amurka ma mai bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga da harsashi sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa, mai girin kad ne da ɗan ƙasa ke da dama, sannan kowace jiha da nata. Kuma ɗurawa don kanka daban, sayarwa daban, sayarwa sai da lasisin tarayya. Kar wani ya ce zai ɗura wa abokai su ba shi na mai.

Aminu_Houston:
Ni ina ganin kar a yi saurin wanke albarushin. Sabon_Hannu in a gefen Houston kake ka san damshinmu. A ina kake ajiye gwangwanin? Kana barin gari a cikin mazubin inji ya kwana? Sannan in da ruwa kake wanke kwanso ka tabbata ya bushe har cikin ramin firaima, ɗigo ɗaya da ya ɓuya a can ya isa ya ɓata harsashi. Haka man shafawa in ya taɓa gari ko firaima. Buɗe gwangwanin ka shinshina, mai lafiya ɗan warin sinadari yake yi mai daɗi-daɗi, wanda ya lalace wari mai yaji yake yi yana hawa hanci, wani lokacin har da jan ƙura kamar tsatsa.

Sabon_Hannu_TX:
Kusa da San Antonio nake, gwangwanin sabo ne a cikin gida yake ba gareji ba, warinsa lafiya. Kwanso kuma da busasshen garin ɓawon gyaɗar turawa nake gogewa ba ruwa

Aminu_Houston:
To ba damshi ba ne kenan, na janye

Garba_Dallas:
Gaskiya Unique ɗin ma halinsa ne, albarushi ne da ya haura shekara ɗari ana amfani da shi, yana shiga kusan komai amma kowa ya san in ka yi masa ƙasa-ƙasa sai ya bar datti. In harbin takarda kawai kake so mai laushi ka koma mai saurin ci, irin su Bullseye ko Winchester 231 ko Titegroup. HP-38 da 231 ma abu ɗaya ne gwangwani ne ya bambanta. Mai jinkirin ci kamar gungumen itace ne, sai wuta ta yi ƙarfi yake kamawa, mai sauri kuma ƙirare ne ashana ɗaya ta ishe shi.

Baba_Columbus:
Garba wannan karon ka yi magana, amma ka faɗa masa kuɗin da ake biya. Mai saurin ci ɗan mitsitsi ake zubawa, a kwanson .38 in ka leƙa da ƙyar za ka hango shi a ƙasa. Ma'ana kwanson zai ɗauki zubi biyu, har uku, kan harsashi ya zauna lafiya ba abin da zai nuna maka. Zubi biyu na irin wannan shi ke tsaga silinda ya ɗaga saman bindiga. Ni sabon hannu na fi so ya zauna da datti da buroshinsa har hannunsa ya faɗa. In ka ga dole sai ka sauya, to ka jera kwansunan a tire bayan zubi, ka haska tocila ka bi su layi-layi da ido kafin ka dasa kai ko ɗaya, duk wanda tsayin garinsa ya bambanta da na maƙwabtansa ka juye shi. Waya a kashe, yara a waje, gwangwani ɗaya tak a kan tebur.

Mai_Sikeli:
Kuma kishiyar zubi biyu ita ce rashin zubi, tunda yana wasa a ƙasan ma'auni ya kamata ya san ta. In ka ja kunama ka ji ƙara 'yar ƙarama fus, bindiga ba ta doki hannunka ba, TSAYA. Kar ka sake ja. Mai yiwuwa kan ya maƙale a bututu. Buɗe, zazzage, zura sanda ta baki ka ga ko ta wuce. Na taɓa gani a filin harbi, wani bawan Allah a layin kusa da ni ya ji irin ƙarar ya ɗaga zai ƙara, mai kula da fili ne ya daka masa tsawa, da aka zura sanda ga kan nan zaune bai fi tsawon yatsa daga silinda ba. Kan mai riga ya fi na dalma saurin maƙalewa in gudu ya yi ƙasa, shi ya sa ba a sauka ƙasa da lambar farawa.

Ustaz_Minnesota:
Firaimar magnum fa? Na ji ana cewa tana gyara wannan matsalar, musamman mu nan da sanyi

Injiniya_Sadiq:
Ustaz tana da wurinta, ga irin H110 da Winchester 296 a kwanson magnum, waɗannan suna da wuyar kamawa, har kamfanin albarushi na Hodgdon sun yi gargaɗin kar a rage su fiye da kashi 3 cikin 100 daga lambar ƙarshe. Amma Unique falle-falle ne mai saurin kama wuta, ba ya buƙata. Ka yi amfani da firaimar da littafi ya rubuta. In ka sauya firaima, ko don babu ce kamar yadda aka sha a 2020, sai ka koma lambar farawa ka sake hawa.

Maman_Ilham_AZ:
Abin da ba ku faɗa ba, garin nan da ke zuba ƙasa yana nan da ransa fa, zai iya kamawa. Shi ya sa filayen harbi na cikin gini suke yawan share gaban layi. In ya zube maka a gida kar ka ja shi da injin shara, tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma. Kuma ka wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci ko yara, ƙurar goge kwanso akwai dalma a ciki daga firaima. Ni tufafin fili ma daban nake wanke su

Zongo_Bronx:
Ni da ban ɗura ba ina ta karatu. Wai duk wannan wahalar akwai riba kuwa? In ka haɗa kuɗin inji da sikeli da lokaci

Garba_Dallas:
A 9mm ribar kaɗan ce gaskiya, a .38 da .357 da .45 akwai. Amma kuɗin ba ya zama a aljihu, harbin ne ke ƙaruwa

Sabon_Hannu_TX:
Na gode ƙwarai jama'a. Na duba ƙarƙashin tauraron kamar yadda Baba ya ce, ƙwayoyi na nan manne da mai, na goge silinda ta koma rufuwa lafiya. Na yi gwajin Mai_Sikeli ma, kan bai shige ba. Yanzu dai ban san wanne zan fara ba, in hau mataki a albarushin da wannan kan nawa, ko in jira in sayo mai giren 158 ɗin?

Mai_Sikeli:
158 mai kwari, ka matse da kyau. Rabin matsalar zai tafi

Baba_Columbus:
Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kan da ke hannunka ka riga ka biya kuɗinsa, fara da shi, hau mataki ɗaya. Kuma ka gwada sikelinka da ma'aunin gwaji kafin ka fara, ƙananan sikelin batir ɗin nan suna yawo in fanka na kaɗawa ko batir ya yi sanyi.

Injiniya_Sadiq:
In akwai wanda ke kusa da San Antonio mai na'urar auna gudu ya ara masa, da ita za a daina hasashe. In gudun na tsalle sosai tsakanin harbi da harbi to ƙonewar ce ba daidai ba

Maman_Ilham_AZ:
Ku dai ku gama, zai dawo ya ce muku har yanzu akwai gari a tebur. Bututun inci nawa ne ma Sabon_Hannu, ba ka faɗa ba

Sabon_Hannu_TX:
Biyu da rabi Hajiya

Maman_Ilham_AZ:
To Injiniya ka ji

Aminu_Houston:
Ina da na'urar, in za ka iya shigowa Houston wani Asabar ka yi min magana ta inbos. Ka taho da ledojin a rubuce da kwalin harsashin kanti guda mu gwada su tare